Katin hoto na kwamfuta

Katin hoto, wanda masu sayar da kwamfuta da masu gyaranta suka fi kira girafik kat, wani ɓangare ne na kwamfuta da ke lissafa hotunan da ake gani a kan sikirin, ya kuma aika su can. Allo ne siriri mai ɗauke da guntun silikon na musamman da ake kira GPU, tare da ma'ajiyar bayanai tasa ta kansa, da abin sanyaya shi, da wuraren jona wayar sikirin. Ana soke shi ne a jikin modabod, wato babban allon da dukkan sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa.

Abin da ya bambanta katin hoto da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira CPU, shi ne yadda kowannensu ke ɗaukar aiki. CPU tana da cibiyoyin lissafi kaɗan masu ƙarfi ƙwarai, waɗanda ke iya kowane irin aiki, ɗaya bayan ɗaya. GPU kuwa yana da dubban ƙananan cibiyoyi, kowace ba ta kai ta CPU ƙarfi ba, amma suna yin aiki iri ɗaya a lokaci guda, kamar aikin gayya. An ƙera shi haka ne domin zanen hoto. Daga baya aka gano cewa wannan tsari ya dace da wasu ayyukan, musamman horar da ƙirƙirarriyar basira, lamarin da ya sa katin ya zama haja mai tsada da har gwamnatoci ke sa ido a kan cinikinta.

Aikin da ke gaban katin

Hoton da ke kan sikirin tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. Kowane ɗigo gaurayen launi uku ne: ja, kore da shuɗi. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane launi yana da mataki 256 daga duhu zuwa cikakken haske, saboda haka ɗigo ɗaya zai iya ɗaukar ɗaya daga cikin launuka 16,777,216.

Sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Domin ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba, akan sake zana hoton sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan sai an tantance launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, kuma lokacin da katin ke da shi na kammala hoto guda bai kai millisakan 17 ba. A sikirin mai ɗigo 3840 da 2160, wanda ake kira 4K, yawan ɗigon ya ninka sau huɗu zuwa 8,294,400.

Idan rubutu ne kawai ake nunawa, aikin ba shi da nauyi. Amma a wasan kwamfuta ko zanen gini, launin kowane ɗigo yana buƙatar lissafi mai yawa: wane abu ne a wannan wuri, ina haske ke fitowa, akwai inuwa ko babu. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne, lissafin ɗigo ɗaya bai cika dogara da na maƙwabcinsa ba. Don haka ana iya rarraba ɗigogin ga ma'aikata masu yawa, kowa ya kama nasa kuyya. A kan wannan gaskiya aka gina katin hoto gaba ɗayansa.

Sassan katin

GPU shi ne zuciyar katin. A cikinsa akwai biliyoyin tiranzista da aka tsara su rukuni-rukuni. Katin GeForce RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a watan Oktoban 2022, yana da ƙananan cibiyoyin lissafi 16,384, kuma guntun da ke cikinsa na ɗauke da tiranzista kusan biliyan 76. CPU ta kwamfutar gida kuwa yawanci cibiyoyinta ba su wuce 4 zuwa 24 ba.

Ma'ajiyar katin guntaye ne da aka jera kewaye da GPU. A nan ake ajiye siffofin abubuwan da za a zana, da hotunan da za a lulluɓa musu, da hoton da aka gama kafin a tura shi sikirin. Abin da ake nema daga wannan ma'ajiya shi ne ta iya kwararo da bayanai masu ɗimbin yawa a lokaci guda, domin dubban cibiyoyi na jiran abin yi. Shi ya sa ake amfani da nau'in GDDR, ko kuma HBM a manyan katunan cibiyoyin bayanai. RTX 4090 yana da gigabayit 24, kuma yana iya karanta kusan gigabayit 1,000 a daƙiƙa.

Ana haɗa katin da modabod ta ramin PCI Express, tsarin da aka fitar a 2003, wanda ya maye gurbin AGP na 1997. Ramin yana isar da bayanai, yana kuma ba da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Katin da ke buƙatar fiye da haka yana jan ƙarin wuta kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta: waya mai baki 6 tana ba da wat 75, mai baki 8 kuma wat 150. A kan katin akwai sashen da ke rage ƙarfin wutar daga bolt 12 zuwa kusan bolt 1, wanda shi ne guntun ke iya ɗauka.

Kusan duk wutar da katin ya ci tana komawa zafi. Domin haka ake ɗora masa farantin tagulla ko alminiyam mai haƙora da yawa, da bututun da ke janye zafi, da fanka biyu ko uku. Tsakanin guntun da farantin akan shafa wani mai kauri mai taimaka wa zafi wucewa. Idan zafin ya kai wani mataki, katin kan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone.

A bayan katin akwai wuraren jona sikirin. Tsofaffin katuna na da VGA mai ƙofa 15 ko DVI, na yanzu kuwa HDMI da DisplayPort.

Yadda ake zana hoto

A wajen kwamfuta, duk wani abu mai tsawo da faɗi da kauri, mutum ne ko mota ko dutse, an gina shi ne da alwatika masu yawa da aka haɗa gefe da gefe. An zaɓi alwatika domin kusurwa uku a kullum suna kwance a kan shimfiɗa ɗaya, don haka lissafinta ya fi sauƙi. Ko ƙwallo ma alwatika ce ƙanana aka jera, har ido ya daina ganin gaɓoɓinsu. Kowace kusurwa lambobi uku ne da ke nuna matsayinta.

Aikin yana farawa ne daga CPU. Ita ke tafiyar da dokokin wasan, ta karɓi umarnin mai wasa, ta san inda kowane abu yake. Sai ta aika wa katin jerin abubuwan da zai zana, da inda idon mai kallo yake. Daga nan katin ke bi mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne na kusurwoyi. Ana ɗaukar kowace kusurwa a ninka lambobinta da wani jadawalin lambobi mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu. Wannan lissafi ne ke juya abu, ya matsar da shi, ya kuma ƙanƙanta na nesa ya girmama na kusa. Umarni ɗaya ne ake maimaitawa a kan miliyoyin kusurwoyi. Bayan haka ana zubar da alwatikar da ta faɗa wajen abin da ido ke gani, da wadda ta juya wa mai kallo baya, domin kada a ɓata lokaci a kansu.

Mataki na biyu shi ne mayar da alwatika ɗigo-ɗigo. Wani sashe na guntun da aka ƙera don wannan aiki kaɗai yana duba kowace alwatika, ya gano waɗanne ɗigogin sikirin ne suka faɗa cikinta.

Mataki na uku shi ne na rini. Ga kowane ɗigo, wata ƙaramar manhaja tana lissafa launinsa. Tana ɗauko launin asali daga lulluɓi, wato hoton shimfiɗe da ake naɗa wa siffa don ta yi kama da bulo ko itace ko fatar mutum. Sannan ta duba inda fuskar abin ke kallo da inda haske ke zuwa: fuskar da ta fuskanci hasken tana haskakawa, wadda ta kauce tana yin duhu. Wannan mataki ne ya fi cin ƙarfin katin a yawancin wasanni.

Mataki na huɗu shi ne tantance abin da ke gaba da abin da ke baya. Alwatika da yawa kan faɗa kan ɗigo ɗaya, misali mutum a tsaye gaban bango. Katin yana riƙe da ma'ajiyar nisa, inda yake rubuta nisan abin da ya fi kusa a kowane ɗigo. Idan sabon launi ya zo, sai a gwada nisansa da wanda ke rubuce. In ya fi kusa a rubuta shi, in ya fi nisa a yar da shi. Edwin Catmull, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Pixar, ya bayyana wannan dabara a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Utah a 1974.

Hoton da aka gama yana zaune a ma'ajiyar katin, daga nan ake karanta shi layi-layi zuwa sikirin. Akan tanadi wuri biyu: ana nuna ɗaya, ana zana na gaba a ɗayan, sai a musanya su. Idan musanyar ta zo sikirin na tsakiyar karatu, sai a ga hoton ya tsage, sama daban ƙasa daban. Ana magance wannan ta hanyar daidaita lokacin katin da na sikirin.

Dalilin saurinsa da iyakarsa

Cibiyoyin GPU ba sa aiki ɗai-ɗai. Ana haɗa ayyuka rukuni-rukuni, a katunan Nvidia 32 a kowane rukuni, kuma duk rukunin umarni ɗaya yake bi a lokaci guda, kowa a kan nasa bayanin. Tun da mai ba da umarni ɗaya ya ishe su, filin da ya rage a kan guntun sai a cika shi da masu lissafi.

Ɗauko bayani daga ma'ajiya yana ɗaukar lokaci mai tsawo idan aka gwada da lissafin kansa. CPU tana rage wannan jira ne da manyan ma'ajiyoyi na kusa da kuma hasashen abin da za a buƙata. GPU ya bi wata hanya: yana riƙe da rukunai da yawa a shirye, idan ɗaya ya tsaya jiran bayani sai nan take a kama wani. Muddin akwai aiki jibge, cibiyoyin ba sa zaman banza.

A nan kuma rauninsa yake. Idan umarni ya rabu biyu, wasu a rukunin suna buƙatar bin dama wasu hagu, dole a yi na dama tukuna na hagu suna jira, sannan a juya. Aikin da kowane matakinsa ya dogara da sakamakon na baya ba ya rarrabuwa, kuma a irinsa CPU ta fi GPU sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa katin hoto bai maye gurbin CPU ba, tare suke aiki. Haka nan, saka kati mai tsada a kwamfutar da CPU ɗinta ba ta iya ciyar da shi aiki asarar kuɗi ce, domin katin zai yi ta jira.

Direba da harsunan umarni

Manhaja ba ta magana da katin kai tsaye. Masu rubuta wasa suna amfani da tsararrun ƙa'idojin umarni, direban katin kuma, wato manhajar da kamfanin ya rubuta, shi ke fassara su zuwa abin da guntun ke ganewa. Fitattu daga cikin waɗannan ƙa'idoji su ne OpenGL da kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992, da DirectX na Microsoft da ya fara a 1995, da Metal na Apple a 2014, da Vulkan a 2016. Wannan tsari ne ya sa wasa ɗaya ke aiki a kan katunan kamfanoni daban-daban. Kati lafiyayye zai iya nuna matsala idan direbansa ya tsufa ko bai dace da shi ba.

Tarihi

Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta zo da zaɓi biyu. MDA rubutu kawai yake nunawa, layi 25 mai harafi 80 kowanne, da ma'ajiyar kilobayit 4. CGA yana da kilobayit 16, yana nuna launi huɗu a ɗigo 320 da 200. EGA ya biyo baya a 1984 da launi 16, sai VGA a 1987 mai ɗigo 640 da 480. Waɗannan katuna ba sa lissafin hoto. CPU ce ke zanawa, su nasu kawai su riƙe hoton su miƙa wa sikirin.

A shekarun 1990 wasanni masu siffofi uku suka fara neman abin da CPU ba ta iyawa. A 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da Voodoo Graphics, wanda aikinsa zanen alwatika kaɗai ne, har sai an haɗa shi da wani katin na nuna rubutu da hotunan yau da kullum. Nvidia, wanda Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa a Amurka a 1993, ya fitar da GeForce 256 a 1999. Wannan kati ya karɓe lissafin kusurwoyi da na haske daga hannun CPU, kuma a tallarsa ne kamfanin ya yaɗa sunan GPU. A ƙarshen 2000 Nvidia ya sayi kadarorin 3dfx. Babban abokin gasarsa, ATI na ƙasar Kanada, ya koma hannun AMD a 2006 kan kusan dala biliyan 5.4, kuma katunan Radeon daga nan suke.

A farko, matakan zane a daskare suke cikin guntun, mai rubuta wasa ba shi da ikon canza su. GeForce 3 na 2001 yana cikin na farko da suka ba shi damar rubuta tasa manhajar kusurwa da ta rini. A 2006 GeForce 8800 GTX ya zo da cibiyoyi 128 iri ɗaya, kowace tana iya aikin kusurwa ko na rini, gwargwadon inda buƙata take. Daga nan katin ya zama injin lissafi na gama-gari da aka saba amfani da shi wajen zane. Intel, wanda ya daɗe yana saka ƙaramin GPU a cikin CPU ɗinsa, ya fitar da katunan wasa na Arc a 2022.

Bin sawun haske

Hanyar alwatika tana da sauri, amma dabaru ake yi mata kafin ta nuna inuwa, madubi ko gilashi. Akwai wata hanyar da ta fi kusa da yadda haske yake a zahiri: a harba layi daga idon mai kallo ta cikin kowane ɗigo, a ga abin da ya fara bugawa, sannan a bi shi yayin da yake tsalle zuwa wasu abubuwa har ya kai ga tushen haske. Turner Whitted na Bell Labs ya wallafa fitacciyar maƙala a kan haka a 1980. An daɗe ana amfani da hanyar a finafinai, inda hoto guda kan ɗauki sa'o'i. A 2018 Nvidia ya fitar da jerin RTX 20 mai sashe na musamman don gwada haɗuwar layi da alwatika, AMD ma ya bi sahu a 2020. Wasannin yanzu kan haɗa hanyoyin biyu: alwatika ta zana akasarin hoton, bin sawun haske ya ƙara inuwa da walƙiya.

Katin haɗe da katin ware

Ba kowace na'ura ke da kati na daban ba. A yawancin laftof da dukkan wayoyin zamani, GPU yana cikin guntu ɗaya da CPU, suna raba ma'ajiya guda. Adreno na Qualcomm da Mali na Arm suna cikin waɗanda suka fi yawa a wayoyin Android. Irin wannan ba ya cin wuta sosai, kuma ya isa karatu, aikin ofis, kallon bidiyo da ƙananan wasanni. Bidiyo ma ba cibiyoyin lissafi ke buɗe shi ba, akwai sashe na musamman da ke warware tsare-tsare irin su H.264 da AV1, shi ya sa waya ke iya nuna fim na sa'o'i batir bai ƙare ba.

Katin ware ana buƙatarsa ne wajen manyan wasanni, tace bidiyo mai nauyi, zanen gine-gine da injuna, da lissafin kimiyya. Farashinsa bai tsaya kan kuɗin saye ba. An fara sayar da RTX 4090 kan dala 1,599, kuma yana cin wat 450 idan yana cikakken aiki, wato a sa'a goma zai sha yunit 4.5 na lantarki shi kaɗai. Ga mai dogaro da janareta ko sola, wannan lissafi yana da muhimmanci kamar saurin katin. Ƙura da zafin ɗaki su ma suna rage masa ƙarfi, domin toshewar haƙoran farantin sanyaya tana sa kati rage gudu.

Amfani a wajen zane

A 2007 Nvidia ya saki CUDA, tsarin da ke ba masu rubuta manhaja damar ba GPU lissafin da bai shafi hoto ba. Masu binciken yanayi, magunguna da man fetur suka fara amfani da shi. Babban sauyi ya zo a 2012, lokacin da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna mai suna AlexNet a kan katunan wasa guda biyu ƙirar GTX 580. A gasar ImageNet ta wannan shekara kuskurenta ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi mata kuwa 26.2. Horar da irin wannan manhaja ninka manyan jadawalin lambobi ne ba adadi, wato irin aikin da GPU ya saba yi wa kusurwoyi. Manyan manhajojin harshe na yau ana horar da su ne a kan dubban GPU da aka haɗa wuri guda.

Masu haƙar kuɗin kirifto ma sun yi rububin katunan, musamman don Ethereum. Wannan, tare da ƙarancin guntaye a lokacin annobar korona, ya sa katuna suka yi wuya kuma suka yi tsada a 2021. Buƙatar ta faɗi bayan Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022, tsofaffin katunan masu haƙa suka cika kasuwar gwanjo.

Nvidia da AMD ba su da masana'antar ƙera guntu. Zane suke yi, akasarin ƙirar kuma kamfanin TSMC na Taiwan ne ke yi. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Amurka ta kafa dokokin da suka taƙaita sayar wa ƙasar Sin manyan GPU irin su A100 da H100, bisa dalilin cewa ana iya amfani da su a harkar soja. A 2023 darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1, a watan Yunin 2024 kuma ta haura tiriliyan 3. Tsadar waɗannan guntaye da wutar da suke ci na daga cikin abubuwan da ke tantance waɗanne ƙasashe, jami'o'i da kamfanoni ne ke iya gina manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da kuma waɗanne harsuna ne ake fara ginawa da su.